Da Kaina Na Tuƙa Jirgin

Tun da muka dawo daga Kano bakina bai huta ba. Duk wanda ya same ni a gindin dogon yaron ƙofar gidanmu sai ya ce, "Lawali, wai da gaske ka ƙi gaida wani babban Alhaji?" Labarin ya je Guci ya dawo mini da ƙari, wai har cewa na yi ya matsa ya ba ni wuri. To na gaji. Na zaunar da ƙanwata Zuwaira, ina faɗa tana rubutawa. Wanda ya sake tambaya sai a miƙa masa ya karanta.

Ga wanda bai san ni ba, ni ɗan Dungas ne. Da can gyaran rediyo nake yi, ranar kasuwa in taɓa kabu-kabu. Abin da ya fi shiga raina kuwa shi ne ƙera ƙananan jirage da farin soson nan da ke zuwa cikin kwalin firij. In sa musu ɗan inji da farfela, in tsaya a ƙasa ina tuƙa su da telekomand, ƴar na'urar tuƙi daga nesa. Mutane na cewa wasan yara ne, amma in jirgin ya tashi har masu furfura na sakin abin da suke yi. Sai wata rana a hanyar Dogo-Dogo moto, wato babur ɗina, ya watsar da ni cikin rairayi, wuyana ya bugu. Na fito daga likita ƙafafuna na tafiya, kafaɗa da gwiwar hannu na ɗan motsi, yatsu kuwa sun mutu murus.

Abin da ba wanda ya gaya mini game da rashin hannu shi ne yawan sunkuyo. Za a sa maka hula, ka sunkuya. Za ka sha ruwa, ka sunkuya. An ɗaure maka tazuge, ka sunkuya ka yi godiya. Har wuyana ya saba, ko ba a yi mini komai ba sai in tsinci kaina ina kallon ƙasa. Wannan ya fi mutuwar yatsun ci mini rai, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau.

Zuwaira ta yi karatun lantarki a Damagaram, tana da shagon gyaran salula a Magarya. Wata rana ta zo gida ta tarar da ni ina kallon telekomand ɗina a rataye, ƙura ta rufe shi.

Ta ce, "Yaya, ka san abin da ke sa fuskar salula ta juya in ka karkata ta?"

Na ce, "Na sani mana."

"Irinsa zan ɗinka maka cikin hula."

Na yi mata dariya, ita ba ta yi ba. Ta tafi da hulata zanna, wadda nake zuwa Juma'a da ita, ta dawo da ita da siririyar waya ta fito ta ƙeya tana shiga telekomand. In na ɗaga kai jirgi ya hau, in na sunkuya ya yi ƙasa, in na karkata dama ko hagu ya bi. Wutar injin kuma ta haɗa ta da fedar keken ɗinki na lantarki da ta samo wajen wani tela, ina takawa da ƙafa. Abu mai wuya shi ne ido kaɗai ke bin jirgi, kai ba ya bi. Na sha wahala kafin na iya wannan.

Ranar da ya fara tashi sosai, bayan an cire gero ne, gonaki sun zama fili. Jirgi na sama, ina jin kamar an mayar mini da hannuwana. Sai ga Malam Ado, limamin unguwarmu, wanda ya raɗa mini suna, ya biyo ta hanya ya yi sallama. Ni kuwa ɗan tarbiyya, na amsa na sunkuya. Jirgi ma ya yi ladabi, ya shiga jinkar rumbun maƙwabcinmu da ka. Daga ranar na kafa doka, in jirgi na sama kada a gaishe ni. Nan fa aka fara cewa Lawali ya yi girman kai.

Muka gyara jirgin, Zuwaira ta ɗauki hotonsa yana shawagi, ta tura wani zaure na salula inda masu wasa da ƙananan jirage ke hira, yawancinsu mutanen Kano. Wasu suka yi fatan alheri. Wani mai suna Musbahu, magatakardan ƙungiyarsu, ya rubuta cewa a yi hattara da masu neman taimako da nakasa, hula ba ta tuƙa jirgi, akwai wani a bayan mai ɗaukar hoton yana riƙe da abin tuƙi. Ya ƙara da cewa in gaskiya ne, filinsu a buɗe yake kowace Asabar.

Inna ta ce, "Ka bar su su faɗi abin da suka ga dama, ina ruwanka da mutanen Kano?"

Na ce, "Inna, ba cewa suka yi jirgina ba ya tashi ba. Cewa suka yi bara nake yi."

Sai ta tashi ta shiga daka mana dakuwar hanya.

Daga Dungas zuwa Magarya motar kasuwa muka hau, ni a tsakanin buhunan wake, Zuwaira rungume da jirgi naɗe cikin zanin Inna. A tashar Magarya yaron mota ya karɓe shi zai ɗaure a sama, ƙarƙashin buhu. Na ce sai dai a ɗaure ni tare da shi. Aka yi ta ja-in-ja, ƙarshe muka saya wa jirgi kujera, ya zauna tsakaninmu. Wani tsoho mai fataucin awaki da ke bayanmu ya leƙo ya ce, "Ikon Allah, jirgi ya hau mota. To mu da ba mu da fiffike ina za mu sa kanmu?" Duk motar ta yi dariya, har da ni. Kafin mu tashi wata mata mai sayar da goro ta dubi hannuwana, ta zura kuɗi cikin aljihun rigata. Na sa Zuwaira ta ciro ta ce a ba mu goro da su. Matar ta ji haushi, ta ce talaka da girman kai. Na ce ta bi layi, akwai masu faɗin haka da yawa a gabanta.

A kan iyaka aka sauke mu. Ban ga laifinsu ba, a wannan zamani duk ma'aikacin da ya ga jirgi marar matuƙi dole gabansa ya faɗi. Wani dogo mai gashin baki ya warware zanin, ya ja da baya.

"Na wane ne wannan?"

Na ce, "Nawa ne."

"Ina abin ɗaukar hotonsa?"

"Babu, ranka ya daɗe. Soso ne da gam."

Ya juya shi, ya shinshina, ya ƙwanƙwasa cikinsa. Sannan ya dubi hannuwana a rataye.

"Wa ke tuƙawa?"

"Ni."

"Da me?"

"Da kaina."

"Na ji da kanka. Na ce da me?"

"Da kaina, ranka ya daɗe. Kan nan da kake gani."

Ya fara ɓata rai, yana zaton raini ne. Zuwaira ta yi maza ta cire farfela don kada a yi ɓarna, ta haɗa wayoyi, ta ɗora mini hula. Ya ce, "Ka tabbata ba wani abu a ciki?" Na gyaɗa kai. Wutsiyar jirgi ta gyaɗa ita ma. Mutumin ya yi tsalle gefe, sannan ya fashe da dariya, ya kira ɗan'uwansa ya sake yi mini tambayar don ya gani. Suka yi ta tambayata abin da suka riga suka sani, ko ni ɗan Dungas ne, ko na yi sallar azahar, ina gyaɗawa jirgi na gyaɗawa, har fasinjojin motarmu suka fara tsaki. Daga ƙarshe ya naɗe zanin da hannunsa ya ce, "Ku wuce, amma kada ya tashi sai kun yi nisa da nan."

Muka bi ta Babban Mutum, muka wuce Babura, la'asar sakaliya muka shiga Kano. Hausarmu ɗaya da su, sai an zo kan kayan zamani a rabu. Telekomand a can rimot ne, kabu-kabu acaɓa, likita kuma mutum ne, gidan sai ka ce asibiti. Zuwaira ta shiga wani shago ta ce a ba ta pil, mai shagon ya nuna mata kantin magani. Sai da ta ciro tsohon ta nuna masa ya ce, "Au, batir kike nufi. Ƴan Nijar ne ku ke nan." Shayinsu ma wani iri ne. Mu namu baƙi ne mai ɗaci a ɗan ƙaramin kofi, a zauna a yi ta hira ana jiran na biyu. Su sai a cika maka ƙaton kofi da madara, ka kurɓe a tsaye ka kama gabanka. Kowa sauri yake yi, gaisuwarsu ma gajeriya ce, ba a kai ga tambayar dabbobi.

Mun sauka gidan Kawu Ilu, ƙanin Inna, wanda ya daɗe a Kano yana sayar da buhuna. Ya karɓe mu hannu bibbiyu, ya ba ni ɗakin zaure, Zuwaira ta shiga wajen iyalinsa. Da aka kawo tuwon shinkafa da miyar taushe, maƙwabtansa biyu suna zaune, sai ya cura loma ya nufo bakina.

Na kau da kai na ce, "Kawu, ina da cokalina."

"Haba ɗana, ai ba komai, ni da kai ba kunya."

"Na sani, Kawu. A kira mini Zuwaira ta ɗaura mini."

Ta zo ta ɗaure mini cokali a wuyan hannu da robar tayar moto, kamar yadda muke yi a gida. Na ci abincina, rabi a baki rabi a riga. Maƙwabtan suka yi ta kallon bango. Kawu bai ji daɗi ba, kuma ni ma ban ji daɗin ɓata masa ba, don mutumin kirki ne.

Da ya ji inda za mu sai ya gyara zama. Ya ce ya san labarin uban ƙungiyar, wani Alhaji Sabo, filin ma nasa ne. Ya ce, "Irin waɗannan in suka ji tausayinka, ka warke. In ya zo ka zube ka kwashi gaisuwa. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne."

Na ce, "Kawu, tausayi akwai shi a Dungas, har ya yi mini yawa. Ba shi ya kawo ni ba."

Asabar da hantsi muka shiga adaidaita, ni da Zuwaira da Kawu da jirgi, zuwa bayan gari. Na tsaya ina kallon jiragensu. Manya ne, ƴan ƙasar waje, suna ƙyalli, wasu har da man fetur suke aiki. Namu kuwa tayoyinsa daga tsohon silifa muka yanko su, kuma hancinsa har yanzu da tabon rumbu. Musbahu ya tarye mu da fara'a, saurayi tsaf-tsaf mai ladabi. Ashe bakinsa a cikin waya yake zaune.

Ya ce, "Malam Lawali, sannu da hanya. Ga yadda za a yi. Ɗayanmu zai riƙe wani rimot ɗin a gefe, in abu ya kuɓuce ya karɓa."

Na ce, "Sannan ku ɗauki hoto ku ce ga wanda ke tuƙawa."

"A'a, don tsaro ne kawai."

"To ga tsaro. Ku koma bayana ku duka, da motocinku. Ni in fuskanci gonar can da ba kowa. In ya faɗi, nawa ne ya faɗi."

Suka dubi juna, suka yarda. Na sa aka kife wani bokiti a gabana, aka ɗora telekomand a kai inda kowa ke gani. A gida Zuwaira takan tsaya kusa da shi, yatsunta a shirye, ko da zan rikice. Ta matso ta yi ƙasa da murya.

"Yaya, in na matsa ba mai ceto. Kuma ba mu da wani jirgin."

"Na sani. Je ki can ki naɗe hannuwanki su gani."

Ta ɗora mini hula ta gyara ta. Akwai wani ɗan maɓalli da take dannawa kafin a tashi, don hula ta san inda daidai yake. Ta ce, "Miƙe wuyanka. Yadda ka tsaya yanzu, shi za ta riƙe." Na miƙe. Ta danna, ta tafi nesa ta harɗe hannuwa.

Na yi bismilla na taka feda. Jirgi ya ruga kan ƙasa yana tangaɗi a kan tayoyin silifa, na ɗaga haɓa kaɗan, ya rabu da ƙasa. Na bar shi ya hau, na karkata dama ya zagayo, na karkata hagu ya koma. Iskar wajen ta fi ta gida wasa, tana ture shi, ina mayar da shi. A bayana surutu ya mutu. Ba abin da nake ji sai kukan injin.

Ana haka sai na ji tsayuwar mota, na ji an buɗe ƙofa, na ji mutane na zubewa. "Barka da zuwa, Alhaji." "Allah ya ƙara lafiya." Kawu ya matso ta bayana yana raɗa, "Lawali, ga Alhaji, ga Alhaji." Ƙamshin turare ya iso gefena, na ga farar babbar riga ta wutsiyar ido.

"Salamu alaikum."

Wallahi ban yi niyya ba, wuyana da kansa ya fara tafiya. Abin da aka koya masa tun ina yaro ne, ga kuma shekarun da na yi ina sunkuyo. Jirgi ya sa hanci ƙasa, ya nufo kan wata kuka da ke tsakiyar gonar. Na ji Zuwaira ta ce "Yaya", amma ba ta matso ba. Na cije, na dawo da haɓata a hankali, don in na fizga zai kife. Ya wuce kan kukar, har sai da ganye ya motsa.

Na ce, "Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Alhaji." Idona na sama.

Ya ɗan jira. Na san abin da yake jira, kowa a wajen ya sani.

Ya ce, "Samari, ba ka ganin mutane ne?"

"Ina ganin jirgina, Alhaji. Ka yi haƙuri, kaina na aiki."

Kawu ya ce innalillahi a hankali. Ni kuwa na ƙara zagaye ɗaya, cikakke, ba don ana bukata ba, don dai kada a ce tsoro ya sa na sauka. Sannan na sassauta feda, na daidaita shi da iska, na sauke haɓa kamar mai kallon nesa. Ya taɓa ƙasa, ya yi tsalle, ya sake taɓawa, ya gangaro ya tsaya kusa da bokitin. Telekomand na nan inda aka ajiye shi, ba wanda ya kusance shi.

Zuwaira ta zo ta cire mini hula. Sai a lokacin na juya na durƙusa na gaida Alhaji gaisuwa irin ta gida, har da tambayar iyali da gajiya. Dattijo ne, ya haife ni, kuma Inna ba ta yi mini tarbiyyar banza ba. Amma sai da jirgina ya sauka.

Bai saki fuska ba. Ya dube ni, ya dubi hular, ya ce, "Ƴan Nijar akwai taurin kai."

Na ce, "Da shi nake tuƙi, Alhaji."

Wasu suka yi dariya, shi bai yi ba, ya wuce wajen jiragensa. Kawu har muka koma gida bai yi mini magana ba, sai a can ya ce na zubar da arziki da ƙafa. Musbahu kuma bai ce ya yi kuskure ba. Sai dai da za mu tafi ya biyo mu har bakin adaidaita, ya tambayi Zuwaira ko irin hular za ta yi wa mutumin da ɓarin jikinsa ya shanye. Bai ce wane ne ba, mu ma ba mu tambaya ba. Ta ce ya aiko da hular mutumin, wadda ya fi so.

A hanyar dawowa, bayan mun tsallake iyaka, Zuwaira ta ce ta yi tunani. Za ta iya sa wani ɗan abu da zan riƙa cizawa da haƙori, in na cije hula ta daina ji, jirgi ya ci gaba da tafiya a miƙe, ni kuma in sunkuya in gaida mutane yadda ya kamata. Ta ce aikin yini ɗaya ne, kuma surutun mutane zai ƙare.

Muka yi ta tafiya har muka hango Magarya. Sannan na ce mata ta bar hular haka.

Saboda haka masu tambaya, ga amsarku. Ban ƙi gaida kowa ba, sallama na amsa ta cikakkiya. Kuma duk Juma'a bayan la'asar ina bayan gari, wajen gonar Malam Ado. Wanda ya ga dama ya zo, babba ko yaro, ya tsaya a bayana. In ya tarar da hula a kaina, ya riƙe gaisuwarsa har jirgi ya sauka.